Ƙarar da ban ji ba: yadda na gyara na'urar ba da wuta ta teburin aiki

Na'urar ta shigo hannuna ne ta wajen wani matashi mai gyaran wayar salula da ke da ɗan shago a bakin titin unguwarmu a Kano. Na je ya sauya mini gilashin waya, ina zaune a kan benci ina jira, sai na hango ta a ƙarƙashin teburinsa, an ɗora mata kwalin matattun caja, ƙura ta rufe fuskarta har ba a iya karanta rubutun da ke jiki. Da na tambaye shi labarinta, sai ya yi tsaki ya ce, "Baba, ƙyale wannan, ita ce ta ƙona mini wayoyin mutane biyu a rana ɗaya, 'yan jari-bola nake jira su zo su auna ta." Abin da 'yan jari-bola ke so a cikinta shi ne jan ƙarfen da aka naɗe taransifoma da shi, don haka na ba shi abin da ya ɗara kuɗin kilo kaɗan na ɗauko ta a bayan babur. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ai lalacewar ce ta ja hankalina tun farko.

Gyaran kayan lantarki ba sana'ata ba ce. Ma'aikacin ofis ne ni, kuma abin da nake da shi bai wuce wani tebur a kusurwar ɗakin da ke kusa da zaure ba, inda nake zama ranakun Asabar da Lahadi ina tone tsofaffin rediyo da fitilun caji na 'yan uwa da maƙwabta. Shekara da shekaru ina ba wa abin da nake gwadawa wuta da batura ko da cajar da na yanke bakinta, kuma duk wanda ya yi haka ya san asarar da ke cikinsa, domin caja ba ta san an yi kuskure ba, sai ta ci gaba da turo wuta har hayaƙi ya tashi. Na'urar da masu gyaran waya ke kira fawa-sufulai an yi ta ne don magance wannan. Tana da maɓallan murɗawa biyu, ɗaya na zaɓen ƙarfin wuta daga sifili zuwa bolt 30, ɗaya kuma na sa iyaka ga yawan wutar da za ta bari ta wuce, har zuwa amfiya 3 a irin wadda na samu. Maɓalli na biyun nan shi ne darajarta. Idan ka ce mata kada ta wuce rubu'in amfiya, ko da akwai wurin da wayoyi suka haɗe a cikin abin da kake gwadawa, za ta sauke ƙarfinta ta tsaya a nan, ta kunna maka jar fitila, ka nemi matsalar a tsanake.

Nauyinta kaɗai ya gaya mini irin ginin da aka yi mata. Akwai na zamani marasa nauyi da ke yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, waɗanda cikinsu ke da haɗari ga ɗan koyo saboda akwai sama da bolt 300 a kan kafasitansu na farko. Wannan kuwa tsohon yayi ce mai ƙatuwar taransifoma, kuma tafiyar wuta a cikinta a bayyane take kamar hanyar ruwa a lambu. Wutar gida mai bolt 230, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, tana shiga taransifoma a sauke ta. Daga nan dayod huɗu su mayar da ita mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, babban kafasita ya tara ta ya cike ramukan da ke tsakanin kowane tudu da tudu, sannan ta bi ta cikin manyan tiransistoci biyu da ke aiki kamar kan famfo, suna matsewa ko sassautawa gwargwadon umarnin da ƙaramin allon da ke bayan maɓallan ya ba su. Duk wutar da famfon ya hana fita ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama, shi ya sa aka ɗaure tiransistocin a jikin wani baƙin ƙarfe mai haƙarƙari a bayan akwatin.

Ban jona ta ba sai da na kwance murfin. Abin da na fara cin karo da shi shi ne fis, ko kuma in ce gawar fis, domin gilashinsa ya yi baƙi, wani kuma ya naɗe shi da zaren waya daga wannan baki zuwa wancan don wuta ta ci gaba da wucewa. A bayan akwatin an rubuta amfiya 2 ɓaro-ɓaro, don haka na sa sabo mai wannan lamba. Sai ƙura, irin jar ƙurar hunturun nan mai laushi da ke shiga ko'ina, wadda ta yi kauri a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen shan zafi har ta zama kamar auduga. Na share ta da burushin fenti, na shinshina taransifoma ban ji ƙaurin ƙonewa ba, na duba allon ban ga wurin da ya yi baƙi ba.

Ina da wata al'ada da na koya tun ina gyaran rediyo, wato jona duk abin da ban yarda da shi ba ta cikin ƙwan fitila. Na yanke ɗaya daga cikin wayoyin wata doguwar igiyar wuta na sa mazaunin ƙwai a tsakani, ta yadda wuta ba za ta isa ga na'ura ba sai ta ratsa ta zaren ƙwan. Dole ne ya zama tsohon ƙwai mai zare, mai wat 60 ko 100, domin na zamani marasa cin wuta ba sa wannan aikin, kuma samun mai zaren ya fara wuya har ina ɓoye uku da suka rage mini kamar kayan gado. Idan akwai haɗewa a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, babu abin da zai ƙone. Da na kunna, ƙwan ya yi haske na ƙiftawar ido yayin da babban kafasita ke cika, sannan ya dushe ya koma ja-ja. Wannan ya wanke taransifoma da dayod huɗun nan daga zargi. Amma lambobin da suka fito a fuskar na'urar sun nuna bolt 46, na murɗa maɓalli hagu har ƙarshe, na murɗa dama har ƙarshe, ko gezau. Na sa mitata a bakin fita ta tabbatar da haka. Nan take na fahimci abin da ya sami wayoyin mutane, domin batirin waya bolt 4 da 'yan kai yake so, ita kuwa tana zuba masa ninki goma.

Lissafin bai yi wuya ba. A cikin bakunan da taransifoma ke fitar da wuta, mafi girma yana ba da bolt 34, idan aka ninka da 1.4 don a kai kan tudun wutar, aka cire abin da dayod ke ci, za a sami kusan 46. Ke nan duk abin da ke kan babban kafasita yana fitowa kai tsaye, kan famfon ya tsinke a buɗe. Na kashe, na cire filogi, sannan na sauke wutar da ta rage a kafasitan. Mai maikurofarad 6800 ne, kuma yana iya riƙe wuta bayan an kashe na'ura. Wasu suna haɗa ƙafafunsa da bakin sukudireba su ji tas, ni kuwa ban ga hikimar hakan ba, domin yana cin bakin sukudireban yana kuma wahalar da kafasitan. Rizista mai om 1000 na ɗora masa na kusan rabin minti, na auna na ga ya koma ƙasa da bolt ɗaya, sannan na sa hannu.

Tiransistocin 2N3055 ne, masu hular ƙarfe da ƙafafu biyu a ƙasa, jikin ƙarfen kansa shi ne ƙafa ta uku. Kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da su a farkon shekarun 1960, kuma har yau da wuya ka buɗe tsohuwar amfilifaya ko na'ura irin wannan ba ka same su ba. Tun da an haɗa biyun kafaɗa da kafaɗa, ba a iya sanin wanda ya mutu sai an raba su, don haka na narkar da dalmar na cire wayoyin. Lafiyayyen tiransista yana nuna wajen rabin bolt da ɗoriya tsakanin ƙafar da ake kira bes da kowace ɗaya daga sauran biyun, wato kwalekta da emita, idan mita tana wurin gwajin dayod, kuma ba ya nuna komai tsakanin kwalekta da emita. Na hagu haka ya nuna. Na dama kuwa ina ɗora masa sai mita ta kama kuka, ta kowace fuska na juya wayoyin sifili ne. Ya narke a ciki ya zama kamar guntun waya.

A nan ne na yi abin da nake jin kunyar faɗa, wato na ɗauka aiki ya ƙare. Ranar Asabar ta gaba na shiga kasuwa na sayo sababbi biyu a wani shago, masu ƙyalli, rubutun jikinsu fes, a farashin da ya kamata ya sa ni in yi tunani amma bai sa ba. Na ɗaura su, na kunna ta cikin ƙwan fitila, lambobi suka tsaya a sifili, na murɗa suka hau a hankali har 30, na dawo suka sauko. A wajen bolt 8 na ji wani ɗan ƙas daga ciki, na san rile ne, wato makunnin da wuta ke kunna shi da kanta, ke aiki, na gyaɗa kai. Har shayi na sa aka kawo mini don murna.

Sai gwajin ɗaukar kaya, wato a jona mata abin da ke cin wuta sosai. Na cire ƙwan kariya, domin ba ya barin na'ura ta ja wuta sosai, na ɗauko ƙwan fitilar gaban mota mai bolt 12 da wat 55, na saita bolt 5 don in fara a hankali a ganina. Zaren ƙwan ya yi ja kamar garwashi, na'urar ta nuna amfiya 2.8, komai daidai. Ina kurɓar shayi sai na fara jin ƙaurin ƙura mai zafi, irin wanda ake ji idan an kunna dutsen guga da ya daɗe a ajiye. Na kai yatsa bayan akwatin na janye da sauri. Kafin hannuna ya isa ga makunni, ɗakin ya yi wani farin haske kamar walƙiya, ƙwan motar ya yi ɗan tas ya mutu, cikin gilashinsa ya yi toka-toka, lambobin fuska suka koma 46. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba.

Fushina ya tafi kan mai shago. Na cire wanda ya mutun, na ɗaure shi a bakin tebur na yanke hularsa da zarton ƙarfe, na yi wa tsohon da na fara cirewa haka, na jera su a ƙarƙashin fitila. A cikin tsohon akwai wani faffaɗan ɓallin silikon a zaune a kan dandamalin jan ƙarfe, da wayoyi masu kauri. A cikin sabon kuwa ɗan ɗigo ne da bai fi ƙwayar gero biyu ba, an manna shi a kan ƙarfen hular kai tsaye, da wayoyi sirara kamar gashi. Jabu ne, babu tantama, kuma jabun wannan lamba sun cika kasuwannin duniya saboda yawan masu nemanta. Da na tsaya a nan, da na sami wanda zan ɗora wa laifi na kwana da sanyin zuciya, in nemo na gaske in ɗaura, su ma su mutu bayan wata ɗaya ko biyu.

Neman na gasken ne ya kai ni wajen wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran talabijin da amfilifayar masallatai, wanda shagonsa ya zama kamar maƙabartar tsofaffin kaya. Ya tono wata amfilifaya da taransifomarta ta ƙone, ya ce in kwance biyu daga jikinta. Ina kwancewa ina ba shi labari, ina zagin masu jabu, shi kuwa yana ta liƙa wata waya bai ɗago ba. Da na gama sai ya ce, "To, na kasuwa jabu ne, mun ji. Na farkon da ya zo da ita fa, shi ma jabu ne?" Na ce a'a, Malam, na yanka na gani, na gaske ne. Ya ce, "Lokacin da ka sa bolt biyar, nawa ke kan babban kafasita?" Na yi shiru, domin ban auna ba, kuma ban ma yi tunanin aunawa ba.

A hanyar gida na yi lissafin a kaina, na ga inda gizo ke saƙar. Zafin da tiransistocin ke sha shi ne bambancin da ke tsakanin wutar da ta shigo musu da wadda suka fitar, a ninka da yawan amfiya. Idan kafasita yana kan bakin taransifoma mafi girma, da kaya a kai zai sauko wajen bolt 41, a cire 5 saura 36, a ninka da 2.8, an sami wat 100, wato hamsin-hamsin. Takardar bayanin 2N3055 ta ce yana ɗaukar wat 115, kuma wannan lambar ce ke yaudarar mutane, domin sharaɗinta shi ne jikinsa ya tsaya a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, abin da ba ya faruwa a cikin akwati, balle a Kano a watan Afrilu. Kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa ƙarfi, kuma da zarar jikinsa ya kai digiri 125 abin da zai iya ɗauka ya faɗo ƙasa da wat 50. Ƙarfen shan zafin da ke bayan wannan na'ura, marar fanka, ba zai iya zubar da wat 100 ba ko da babu ƙura. Waɗanda suka ƙera ta sun san haka, shi ya sa suka fitar wa taransifoma baki uku, na bolt 14 da 24 da 34, suka sa rile biyu su riƙa zaɓen bakin da ya dace. Idan kana son bolt 5, ya kamata a ɗora ka a kan ƙaramin baki, kafasita ya tsaya wajen bolt 15 da kaya, zafin ya zama wat 28 kacal. Rile biyu na nufin ƙas biyu idan ana murɗawa daga ƙasa zuwa sama. Ni ɗaya na ji, na kuma gamsu.

Na ɗaura na dattijon, amma wannan karon ban sa kaya ba. Na maƙala mita a ƙafafun babban kafasita, na jira dare ya yi, janaretan maƙwabta ya yi shiru, na murɗa a hankali kunnena a jikin akwatin. Ina kunnawa na ji ƙas tun maɓalli yana sifili, wanda a da na ɗauka ƙarar makunni ce. A bolt 8 na ji ƙas na rile na farko. Na wuce 15, na wuce 20, na kai 30, babu na biyu. Mita kuwa tun daga sifili har ƙarshe tana kan 46 ba ta motsa ba. Da na bi layukan allon da fensir ina zanawa a takarda, sai na ga yadda aka tsara su: rile na farko yana zaɓe tsakanin ƙaramin baki da na tsakiya, na biyun kuma yana zaɓe tsakanin abin da na farkon ya zaɓa da babban baki. Idan na biyun ya maƙale a kan babba, na farko sai dai ya yi ta ƙara a banza, babu mai sauraronsa.

Abu biyu ke iya maƙalar da rile. Ko dai bakinsa ya narke ya manne, ko kuma ana ba kwayil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan bakin kamar maganaɗisu, wuta ba a ɗaukewa. Da na kashe na'urar na auna, bakin ya saki ya koma wurinsa, don haka ba mannewa ba ce. Da na kunna na auna kwayil, sai ga bolt 12 a kansa a kowane hali. Wanda ke buɗe masa wuta da rufewa wani ɗan ƙaramin baƙin tiransista ne mai lamba S8050, bai kai girman ƙwayar wake ba. Aisin LM324, ɗan guntu mai ƙafafu da yawa da ke ba shi umarni, yana aikinsa daidai, wutar ƙafarsa tana hawa idan na wuce bolt 19 tana sauka idan na dawo, amma ɗan tiransistan ya daina jin magana, ya haɗe tsakanin kwalekta da emita kamar yadda babban ya yi.

Na riga na kai hannu cikin gwangwanin da nake tara irinsu, sai tambayar dattijon ta dawo mini, na ajiye. Kwayil ɗin rile ba ya cin abin da zai ƙona wannan tiransista. Amma kowane kwayil yana da hali guda, wato idan aka yanke masa wuta farat ɗaya sai ya mayar da martani da wani tsinin wuta mai ƙarfi da ke iya ninka abin da aka ba shi sau da yawa. Saboda haka ake gicciya masa ɗan dayod a juye, ya shanye martanin. Dayod ɗin yana nan, 1N4148 mai jikin gilashi, kuma da na auna ƙafafunsa lafiyarsa ƙalau. Sai da na juya allon, na haska fitilar waya a karkace, na sa gilashin ƙara girma, sannan na ga wani siririn zobe baƙi ya kewaye ƙafarsa ɗaya a cikin dalma. Na taɓa jikin dayod ɗin da tsinken sakace daga ɗaya gefen, na ga ƙafar tana motsi a cikin raminta kamar haƙorin yaro mai shirin faɗuwa. Dalmar da aka sa a wurin tun daga masana'anta ba ta da yawa, ga shi yana maƙwabtaka da rile mai girgiza allon duk lokacin da ya buga, ga zafi da sanyi na shekaru.

Daga nan labarin ya jeru da kansa. Dalma ta tsage, dayod ya fita daga aiki, martanin kwayil ya yi ta dukan ɗan tiransista har ya kashe shi, rile ya maƙale a kan babban baki, na'urar kuma ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, sai dai bayanta yana zafi fiye da kima. Sana'ar mai ita ta ƙarasa sauran. Masu gyaran waya kusan kullum a bolt 4 suke aiki, kuma idan suna neman wurin da allon waya ya haɗe sukan tura masa amfiya mai yawa da gangan don su ga wane ɗan ƙaramin abu ne zai yi zafi. Ƙaramin bolt da babban amfiya shi ne mafi munin hali ga irin wannan na'ura idan rilenta ya maƙale a kan babban baki, ƙura kuma ta toshe mata hanyar iska. Wanda ya naɗe fis da waya ya cire abu na ƙarshe da zai iya yi masa gargaɗi.

Gyaran kansa bai ɗauki minti goma ba: sabuwar dalma a ƙafafun dayod, sabon S8050, sannan na bi duk ƙafafun rile biyun da na rizistoci masu zafi na sabunta musu dalma. Wajen manyan tiransistocin na fi ɓata lokaci. Farin man da ke tsakaninsu da ƙarfen shan zafi ya bushe ya zama kamar alli, na kankare shi na shafa sabo siriri, domin yawansa ma hana zafi wucewa yake yi. Ɗaya daga cikin ɓallayen maika da ke raba jikinsu da ƙarfen ya tsage a gefe, na sauya shi, na kuma auna na tabbatar babu haɗi tsakanin hular da ƙarfen, tun da hular tana ɗauke da wutar kafasita gaba ɗaya. Babban kafasitan na auna na sami kusan 6100 a maimakon 6800, bai kumbura ba, bai yi yoyo ba, na bar shi. Na san akwai masu ra'ayin cewa duk tsohuwar na'ura a fara da zubar da kafasitocinta baki ɗaya, amma bayan abin da na gani a cikin hular tiransistan kasuwa, na fi amincewa da tsohon da na auna a kan sabon da ban san asalinsa ba. Maɓallin bolt, wanda masu gyara ke kira bolum, yana ɗan tsalle a wuri ɗaya saboda ƙura, shi kam na sauya shi, domin tsallensa yana iya aika wuta mai yawa ga abin da ke jone. A ƙarshe na ciro fanka daga matacciyar kwamfuta na ɗaura a bayan ƙarfen, na ba ta wuta daga wata 'yar caja dabam don kada in ɗora wa layin rile nauyin da ba a yi shi don shi ba.

Da na sake kunnawa, mita a kan kafasita ta nuna 18. A bolt 8 ƙas, ta koma 32. A bolt 19 ƙas na biyu, ta koma 46, da na dawo ƙasa kuma suka saki ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta murɗawa sama da ƙasa fiye da yadda gwaji ke buƙata, don kawai in ji shi. Na sayo wani ƙwan motar na mayar da gwajin da ya kunyata ni, bolt 5 da amfiya 2.8, na bar shi awa guda, ƙarfen baya bai wuce ɗumin da zan iya riƙewa da tafin hannu ba. Kowane babban tiransista yana da rizista mai om 0.22 a ƙafar emita don su raba kaya daidai, na auna a kansu na sami bolt 0.30 da 0.32, wato babu wanda ya bar wa ɗan'uwansa aiki. Na haɗe bakunan fita biyu da waya bayan na sa iyaka a rabin amfiya, jar fitila ta kama, lamba ta tsaya cak a 0.50. Lambobin fuska suna gaba da mitata da kusan bolt 0.3, na daidaita su da ɗan sukurun da ke bayan allon nuni.

Wata rana da yamma na gan ta ta kasa riƙe bolt 30 da kaya, gabana ya faɗi, na fara neman sukudireba. Sai na tuna na auna soket ɗin bango, na sami bolt 180 da 'yan kai. Taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta, kaso take bayarwa daga abin da aka ba ta, kuma a irin wannan lokaci babban bakin ma bai fi bolt 36 ba tun kafin a ɗora masa kaya. Da aka gyara wutar unguwa da dare ta koma daidai. Tun daga ranar na liƙa takarda a gefen akwatin, na rubuta lambobin nan uku, 18 da 32 da 46, da ƙarfin wutar bangon da na auna su a kai, na kuma fito da wayoyi biyu daga ƙafafun kafasita zuwa wasu ƙananan ramuka a baya, don in riƙa duba shi ba tare da kwance murfi ba.

Na koma wajen matashin da hotunan da na ɗauka, na nuna masa zoben da ke cikin dalma, na ce idan yana so ya mayar mini da kuɗina da na kayan da na saya ya karɓi abarsa. Ya daɗe yana kallon hoton yana faɗaɗa shi da yatsu biyu, sannan ya ce, "Baba, wannan ɗan abin ne ya sa na biya kuɗin waya biyu?" Ya riga ya sayi sabuwa marar nauyi, ya ce ko kyauta ba ya son ganin tsohuwar a shagonsa. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa idan fis ɗin sabuwar ya ƙone ya aiko yaro ya karɓi wani a wajena, ina da kwali guda. Tsohuwar tana kan teburina yanzu, an saita ta a bolt 6 da iyakar rubu'in amfiya, tana ba wa wata rediyon kawuna wuta yayin da nake neman dalilin da ya sa muryarta ke shaƙewa idan ta yi minti goma a kunne.